Malamin Manya Shi Ma Sai An Koya Masa Koyarwa

A yammacin Kano, cikin ƙasar Ƙaraye, akwai garin Turawa a bakin babban ruwan nan da aka tare na kogin Calawa. Tun da aka gama madatsar a 1992 sana'ar mutanen wannan gefe ta sake kama. Mutumin da a da in an kau da amfanin damina ba shi da abin yi sai tafiya cin rani, yanzu ga su, ga lambu, ga fatauci da masu zuwa sayen kifi. Haka kuma maƙwabtansu na ƙasar Rogo, masu iyaka da Zazzau da Katsina, suna ta kai hatsi da rake kasuwanni na kusa da na nesa.

To, duk inda dukiya ta motsa takarda tana biye da ita. Maganin feshi yana zuwa da rubutu a jikin gwangwani, ana faɗin awon da za a zuba a ruwa. Bashin taki sai an sa hannu. Cinikin da a da ake ƙirga kuɗinsa a kan tabarma, yanzu mai saye sai ya danna waya ya ce ya tura, mai kaya kuwa in bai iya karanta saƙon banki ba sai ya nemi yaro ya duba masa, watau asirin jarinsa ya koma hannun wani ke nan. Dattawa da yawa sun gane wannan, suna kuwa so su koyi karatun boko da lissafinsa ko da furfura ta fito. Abin da ya rage shi ne a sami wanda ya iya koya musu, kuma nan ne mas'alar take.

Kada a kira su jahilai

Wajibi ne a fara gyara wani kuskure. Galibin magidantan da ake tarawa a ajin manya a ƙasar Hausa sun riƙe allo tun suna yara. A 1914 Gwamna Lugga ya ƙiyasta makarantun allo na Arewa sun kai 25,000, alhali a sa'an nan makarantun boko na ƙasar duka ana iya ƙirga su da yatsu. Waɗanda suka fito daga waɗannan makarantu su ne suka riƙe fatauci daga Kano har Gwanja, suna rubuta wasiƙa da lissafin bashi da ajami. Har yau takardun naira 200 da 500 da 1000 suna ɗauke da ajami, ko da yake an cire shi daga ƙananan takardu a 2007, aka kuma cire shi daga sabuwar naira 100 a 2014.

Saboda haka mutumin da ya sauke Alƙur'ani, ya san wasali, ya san ɗauri, ya saba da tawada da alƙalami, ba daidai yake da wanda bai taɓa ganin baƙi ba. Wannan ya riga ya san cewa sauti yana da sura a kan takarda, abin da ya rage masa kurum shi ne a nuna masa surorin boko da yadda suke tafiya daga hagu zuwa dama. Malamin da bai san haka ba sai ya haɗa alaramma da wanda bai taɓa shiga makaranta ba, ya sa su rera baƙaƙe tare kamar 'yan aji ɗaya. Ranar farko alaramma zai daure don kunya. Rana ta biyu sai ya aiko a ce ba ya jin daɗi, shi ke nan ba za a sake ganinsa ba. In dattijo irin wannan ya janye, mutum goma za su bi bayansa.

Yadda magabata suka yi

Horon malami bayan ya gama karatu ba baƙon abu ba ne ga Musulmin wannan ƙasa. A tsangaya ba a ɗaukar gardi ran da ya sauke a ba shi makaranta. Sai ya daɗe a gaban alaramma yana biya wa ƙolo da titibiri, yana duba alluna, alaramma kuwa yana lura da shi, yana gyara masa, har ya ga hannunsa ya faɗa. A makarantar ilmi ma haka abin yake. Ɗalibi ya karanci Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya shiga Risala, ya kai Askari da Muhtasar, duk da haka ba ya shimfiɗa buzu a zaurensa sai shaihinsa ya yi masa izini. Makarantar zaure kuwa asalinta makarantar manya ce. Mai shago yakan zo bayan asuba ya ɗauki darasinsa ya tafi kasuwa, manomi ya zo bayan la'asar, kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya, ba a kuwa tilasta wa wani ya jira wani.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ma ta bi wannan hanya da ta so ilmi ya kai ga matan ƙauye. Ta san ba za ta iya zuwa kowane gari ba, sai ta zaɓi dattawan mata masu hankali, ta karantar da su, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar izini. Jaji takan zo da ayarinta, su ɗauki karatu cikin waƙoƙin da Nana ta tsara da Hausa da Fulatanci, su koma garuruwansu su koya wa sauran mata. Waɗannan su ne 'Yan Taru. Abin lura a nan shi ne Nana ta fara da gyara masu koyarwa tukuna, ta kuma shirya musu abin da za su koyar daidai da hankalin masu saurare.

Malaman Musulunci sun daɗe da rarrabe sanin ilmi da sanin koyar da shi. Ibn Haldun ya ƙidaya koyarwa cikin sana'o'i a Muƙaddimarsa, ya kuma yi gargaɗi a kan tsananta wa ɗalibi. Littafin Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji, wanda ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya, shi ma kacokan a kan hanyar neman ilmi yake.

Zamanin Yaƙi da Jahilci

A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, ya kuma nuna cewa ba gyaran da zai yiwu muddin talakawa ba su san haƙƙinsu ba. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, aka sa hedkwatarsa a Zariya, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan da suka riƙe aikin. Aka buɗe azuzuwa a gundumomi, a ƙofar hakimai da dagatai, a gindin itatuwa da cikin zauruka. A 1954 aka kafa hukumar NORLA don ta wadata waɗanda suka koyi karatu da abin karantawa. Ita ce ta riƙa buga 'yan littattafai masu araha da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Bazazzaga ta Zazzau, da Zaruma ta Sakkwato. Ba a kuwa yar da ajami ba, an buga abubuwa da shi, har Malam Halliru Binji da Malam Na'ibi Sulaimanu Wali suka wallafa littafi mai suna Mu Koyi Ajami da Boko.

Wannan yaƙi ya yi amfani ƙwarai. Mutane masu ɗimbin yawa sun sami takardar shaida, waɗansu suka zama malaman dagatai, waɗansu 'yan doka, waɗansu masu awon gyaɗa da auduga. Talaka ya iya duba rasit ɗin haraji ya ga ko abin da aka karɓa shi aka rubuta. Amma akwai rauni a wajen malamai. Da yake ana so a game ƙasa da gaggawa, sai aka riƙa ɗaukar duk wanda ya iya karatu da rubutu, a yi masa ɗan kwas na kwanaki, a ba shi allo da alli da ɗan alawus. Irin wannan malami abin da aka nuna masa kurum yake maimaitawa. In ɗalibi ya kasa, bai san dalili ba, balle ya sake dabara. Da NORLA ta tsaya a 1959 jaridun larduna suka yi ta mutuwa, mutane da yawa da suka koyi karatu suka rasa abin karantawa, karatun ya zube kamar haddar da ba a tilawa.

Waɗanda suka tafi ƙaro sanin koyarwa

Shugabannin wancan zamani sun san darajar wannan fanni, don su da kansu sun bi ta cikinsa. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito Kwalejin Katsina, ya yi shekaru yana koyarwa a Bauci, duk da haka a 1945 ya tafi sashen horon malamai na Jami'ar Landan ya yi shekara guda. Malam Aminu Kano ya bi sawunsa a 1946, da ya komo kuwa ya koyar a Bauci, daga baya ya koma makarantar horon malamai ta Maru, shi ne kuma ya tsaya har aka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948.

Ta wajen malaman Arabiyya ma an yi haka. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, aka ɗauko shaihunai daga Sudan, a 1947 aka faɗaɗa ta ta zama Makarantar Ilmin Arabiyya. A 1954 aka zaɓi waɗansu daga cikin waɗanda suka fito daga cikinta aka aika da su Bahtar Ruda, wata makarantar horon malamai da ke kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu. Cikinsu akwai Malam Abubakar Gumi, da Malam Halliru Binji, da Malam Shehu Galadanci. Waɗannan mutane sun riga sun san nahawu da fiƙihu tun kafin su tashi. Abin da ya kai su Sudan shi ne sanin yadda ake tsara darasi, da yadda ake jan hankalin ɗalibi daga abin da ya sani zuwa abin da bai sani ba, da yadda ake gwada shi a gane ko ya fahimta. Da suka komo, biyu sun zama manyan alƙalai, ɗaya ya shugabanci jami'a, dukansu kuma sun yaye ɗalibai masu yawa. Duk malamin da ke ganin koyon hanyar koyarwa ƙasƙanci ne ga mai ilmi, to ya dubi waɗannan.

Daga Rimi zuwa yau

A 1980 gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, ita ce irinta ta farko a Nijeriya, har hukumar UNESCO ta yaba mata a 1983. Ran 8 ga Satumba 1982 Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da yaƙi da jahilci na ƙasa baki ɗaya, a 1990 kuma aka yi dokar kafa hukumar tarayya mai kula da ilmin manya. Kowane yunƙuri daga cikin waɗannan ya tarar da tsohuwar matsalar tana nan. Buɗe aji ba wuya. Samun malamin da dattawa za su jure zama gabansa wata tara ko shekara, shi ne da wuya.

A halin yanzu ƙa'idar ƙasa ita ce mafi ƙanƙantar shaidar malanta ita ce takardar NCE, wadda ake samu bayan shekara uku a kwalejin horon malamai. Wanda kuwa ya yi digiri a wani fanni dabam, ko Arabiyya, ko shari'a, ko aikin gona, ko lissafin kuɗi, ba a lissafa shi cikin ƙwararrun malamai sai ya ƙara da babbar difloma ta koyarwa, wadda ake taƙaita sunanta da PGDE. Da ita ne zai iya yin rajista a Majalisar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa da dokar 1993, tun 2017 kuma sai an zauna jarrabawarta kafin a ba da lasisi.

Wannan difloma galibi shekara guda ake yi ana karatunta, in kuwa mutum yana haɗawa da aiki takan ɗan fi haka. Ana yin ta a jami'o'i, irin su Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ita ma tana bayarwa ta hanyar karatu daga gida, a riƙa haɗuwa da malamai a ƙarshen mako. Abin da ake koyarwa ya haɗa da tarihin ilmi da manufarsa, da sanin halayyar ɗalibi, da tsara manhaja, da dabarun koyar da fannin da mutum ya ƙware a kai, da hanyoyin auna fahimta. Sa'an nan sai gwajin koyarwa, inda za a tura mutum wata makaranta ya yi makonni yana koyarwa, malamansa suna zuwa suna zama a bayan aji suna rubuta kurakuransa. Wannan shi ne kwatankwacin zaman gardi a gaban alaramma.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata iyaye da masu ɗaukar nauyi su sani. Galibin abin da ake koyarwa a wannan difloma an gina shi ne a kan yaran firamare da sakandare. Wanda ya yi niyyar koyar da manya ya kyautu ya nemi sashen da aka keɓe don haka. Jami'ar Bayero tana da sashen ilmin manya da hidimar al'umma, inda ake yin digiri na farko har zuwa na ƙoli, Jami'ar Ibadan kuwa ta riga kowa a wannan fage, don tun 1949 ta buɗe sashen kai karatu ga mutanen gari. A Ingila ma haka suka raba abin, mai son koyarwa a kwalejojin sana'a da azuzuwan manya difloma tasa dabam take da ta malamin yara.

Abin da ya raba babba da yaro

Yaro ubansa ne ya kawo shi, ko yana so ko ba ya so zai zauna. Babba ƙafarsa ce ta kawo shi, ita ce kuma za ta mai da shi gida ran da ya ga ba fa'ida. Yaro ana iya ce masa ya haddace, zai ga amfanin abin in ya girma. Magidanci mai 'ya'ya takwas wanda ya bar komarsa ko shagonsa ya zo aji yana so ya ga amfanin darasin yau a kasuwar jibi. Ga kuma nauyin girma. Malami ɗan shekara 25 yana tsaye gaban sa'an mahaifinsa, ba shi da bulala, ba shi da tsawa, ba zai kira shi da gatsau ba, sai dai Baba, ko Alhaji, ko Allah gafarta Malam. In dattijo ya yi kuskure a gaban surukinsa, yadda malami zai gyara masa ba tare da ya kunyata shi ba, wannan ilmi ne mai zaman kansa. Har ganin ido da jin kunne sai an lura da su, don mai shekara 60 ba ya ganin ƙananan baƙaƙe a hasken fitila, sau da yawa kuma ba zai faɗa ba.

Masana na ƙasashe dabam dabam sun yi bincike a kan wannan. A 1963, a wani gari mai suna Anjikos a ƙasar Barazil, wani malami Paulo Freire shi da ɗalibansa suka koya wa manoma da leburori wajen 300 karatu cikin kwana 45. Kafin su buɗe aji sai da suka zauna da mutanen garin suka tattara kalmomin da suke fita bakinsu kullum, na aikinsu da na damuwarsu, da su aka gina darussan. A 1965 ministocin ilmi na duniya suka taru a Tehran suka amince cewa a riƙa ɗaura karatun manya a kan sana'arsu, ranar buɗe taron kuwa, 8 ga Satumba, ita ce ta zama ranar yaƙi da jahilci ta duniya. Kusa da gida ma, a ƙasar Nijar, cikin shekarun 1960 an koya wa manoman gyaɗa na wajen Maraɗi da Damagaram karanta sikeli da rubuta lissafi da Hausa, don su riƙe kasuwannin ƙungiyoyinsu da kansu, kada mai awo ya cuce su.

A misalta malami biyu a garin Turawa. Na farko ya zo da littafin 'yan aji ɗaya, ya fara da hoton akwati da balan-balan, ya sa dattawa suna amsawa da ƙarfi. Na biyu, wanda aka hora, ya fara da tambayarsu abin da ya kawo su. Ya ji wannan saƙon banki ne ya dame shi, wancan awon maganin feshi, wani kuma so yake ya rubuta sunansa a takarda ya huta da dangwala yatsa. Sai ya ware masu ajami gefe guda, ya rubuta musu kalmar kifi da ajami, ya rubuta ta da boko a ƙarƙashi, ya nuna musu cewa wasalin da suka saba sa wa a ƙasan baƙi shi ne boko ya mai da shi harafi ya jera shi a layi. Mai ajami yakan gane wannan a zama ɗaya. Daga kifi sai koma, sai taru, sai kwando, sai kuɗi. Lissafi kuwa ba koya musu zai yi ba, don mai sayar da hatsi ya fi shi saurin lissafin ka, alƙaluman kurum zai nuna musu da inda ake sa kowanne. Ya kuma san lokacin da zai sa aji, ba zai sa shi ranar kasuwa ba, ba zai sa shi da shuka ko girbi ba, da azumi kuma zai sake lokaci. Duka biyun suna da digiri, wataƙila ma na farko ya fi na biyu karatu, amma ajin na biyu ne zai kai ƙarshen shekara da mutanensa.

Wajen mata abin ya fi tsanani. Matan aure da yawa ba za su zauna gaban namiji baƙo ba, mazansu ma ba za su yarda ba. In babu mace horarriya a gari, rabin jama'a sun fita daga lissafi ke nan, alhali su ne ke riƙe da awon maganin yara da kuɗin adashi da ƙananan sana'o'in cikin gida. Shehu Usmanu ya zargi malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albabi saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu suna karantar da na waje. Garin da ya tura 'yarsa guda ta yi wannan karatu ta komo, ya sami jajinsa.

Inda gizo ke saƙa

Ba a ce takardar difloma ita kaɗai tana mai da mutum malami ba. Akwai masu neman ta don ƙarin girma a ofis kurum, su yi gwajin koyarwa na jeka-na-yi-ka, su karɓi takarda su ajiye a akwati. Akwai kuma tsofaffin malaman zaure da ba su taɓa jin sunan difloma ba, amma Allah Ya hore musu iya fahimtarwa fiye da masu ita. Fa'idar horo ita ce abin da mutum guda cikin ɗari yake samu ta baiwa, sauran su same shi ta koyo, kada kowane sabon malami ya yi shekara goma yana gwaji a kan mutane kafin ya gane hanya.

Matsala ta biyu ita ce komowa gida. Yaron Ƙaraye ko Rogo in ya yi digiri ya ƙara da difloma, birni ne ke jansa, don can albashi yake. Ajin manya kuwa tun zamanin En'e ɗan alawus ake ba malaminsa, ba a mai da shi aikin da mutum zai riƙe iyali da shi ba. Muddin haka abin yake, horarru za su riƙa tafiya, a bar ƙauye da wanda ya rasa abin yi.

A nan ne attajirai da malamai suke da abin yi, ba sai an jira hukuma ba. 'Yan kasuwar ƙasar Kano sun saba da gina masallaci da haƙa rijiya da biya wa mutane kujerar Makka. Kuɗin da zai ɗauki nauyin ɗalibi guda ya yi wannan difloma bai kai na kujera guda ba. Ƙungiyar masunta, ko ta masu hatsi, ko ta manoman rake, tana iya zaɓen yaro ko yarinya daga cikin 'ya'yanta masu digiri, wanda aka san shi da ladabi da haƙuri, ta biya masa, bisa sharaɗi rubutacce a gaban dagaci da liman cewa zai komo ya koyar shekara kaza, ƙungiya kuma ta yanka masa abin da zai riƙa samu kowane wata. In an sami wanda ya taso a tsangaya ya iya ajami, shi ya fi cancanta, don shi ne zai iya ɗora boko a kan abin da dattawa suka riga suka sani.

Alarammomi kuma nasu taimakon shi ne su ba da zaure da albarka. Ajin da aka buɗe a ƙofar malamin gari, bayan sallar isha'i, da izininsa, ba wanda zai ce masa makarantar Nasara. In malam ya ga dama ya tura manyan gardawansa su fara zama, sauran jama'a za su biyo. Su gardawan kuwa ba abin da zai ragu daga haddarsu, sai ma su sami abin da za su karanta takardar asibiti da ta kotu da kansu. Malamin boko shi ma zai ƙaru, don zai ga yadda alaramma yake bi da mutum arba'in kowa da allonsa, ba wanda ya tsaya jiran wani, abin da littattafan jami'a suke ta bayani a kansa da dogon Turanci.

Masu digiri na ƙasar Ƙaraye da Rogo da suke zaune ba aiki, ko suke koyarwa a makarantun Islamiyya ba tare da shaidar malanta ba, ya kyautu su nemi labarin lokacin da jami'o'i da Cibiyar Malamai suke sayar da takardun shiga, su kuma tambayi ofishin ilmin manya na ƙaramar hukumarsu inda ake bukatar malamai. Allah Ya ba malamai haƙurin koyarwa, Ya ba dattawa juriyar zama, Ya sa albarka cikin dukiyar masu taimakawa, amin.